Kafin Ka Ƙure Wa Furosesa Mai Araha Maleji, Tuna A Abuja Kake

   

Yau maganar kwamfuta ce ke tafe da ni, kuma da samarinmu nake, musamman waɗanda suka tara ɗan jari, ko aka tara musu a gida, suna son haɗa kwamfutar tebur don su nemi na kansu da ita, ko dai buga takardu, ko zanen katin biki da fosta, ko gyaran hoto da bidiyo, ko cike wa ɗalibai fom a intanet. Akwai wata shawara da ta yaɗu a tsakaninsu, wadda suka ɗauko daga bidiyoyin Turawa a YouTube, wai ba sai ka sayi furosesa mai tsada ba. Ka sayi mai araha, ka nemo masa allon da ya dace da shi, ka shiga BIOS ka ƙure masa maleji, sai ya yi maka aikin mai tsada a kyauta. Masu harkar suna kiran wannan obakulok.

Bari in faɗi ra'ayina tun daga farko don kada in ja mai karatu da nisa. Ga wanda zai ci abinci da kwamfutar nan a garin Abuja, wannan shawara ba ta da riba. Sayen furosesa mai araha babu laifi, ni ma shi nake ba mutane shawara. Amma kuɗinka da hankalinka ka kai su wajen allo da wuta da sanyi, shi kuma furosesan ka bar shi ya yi gudun da aka yanka masa. Ga dalilaina.

Mene ne ƙure malejin?

Saboda iyayenmu da yayyenmu da ke fitar da kuɗin, ya kamata a fara da bayani. Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗan ƙaramin abu ne da bai kai faɗin akwatin ashana ba. Yana zama ne a wani gurbi da ake kira soket, a bisa babban allon da 'yan kasuwa ke kira madabod, wanda shi ne ke haɗa shi da RAM da ma'ajiyar bayanai da wutar lantarki da duk sauran kayan. Ana auna saurinsa da GHz, wato bugu biliyan nawa yake yi a daƙiƙa ɗaya. Allon yana ba shi bugu na asali, yawanci 100MHz, shi kuma ya ninka. In ya ninka sau 35, ka samu 3.5GHz. In ka shiga BIOS ka mayar da ninkin 42, ka samu 4.2GHz. Wannan shi ne ƙure maleji. Sai dai in aka ƙara gudu, yawanci dole a ƙara masa ƙarfin lantarki, in ba haka ba ya riƙa tuntuɓe a lissafi.

Me ya sa ake samun wannan rarar? Domin kamfani yana yanka wa furosesa gudun da ya tabbata zai iya yi shekara da shekaru, a ɗaki mai sanyi da mai zafi, ba tare da kuskure ba. Saboda haka yakan bar ɗan sarari a sama. Wani ƙwayan sararinsa da yawa, wani kaɗan, ko da kuwa lambarsu ɗaya kuma daga kwali ɗaya suka fito. Sa'a ce kawai. Wannan sarari shi mai ƙure maleji ke ci.

Masu wannan magana suna da tarihi

Ba zan ce shawarar ƙarya ce daga tushe ba, domin akwai lokacin da ta yi aiki sosai. A 1998 kamfanin Intel ya fitar da Celeron 300A mai gudun 300MHz. Mutane suka gano in aka ɗora shi a allo mai cifset 440BX, aka canza bugun allon daga 66MHz zuwa 100MHz, sai ya tafi 450MHz cak, ya riƙa gogayya da Pentium II 450 wanda ya ninka shi kuɗi fiye da sau uku. Ƙarin kashi 50 cikin ɗari ke nan daga canza lamba ɗaya. Daga nan labarin ya samo asali.

A 2014, don cikar sunan Pentium shekara 20, Intel ya fitar da Pentium G3258, mai ƙwaya biyu da gudun 3.2GHz, a kan dala saba'in da 'yan kai, kuma ya bar ninkinsa a buɗe. Mutane da yawa sun kai shi 4.4 ko 4.5GHz. A ƙarshen 2019 shi ma AMD ya fitar da Athlon 3000G a kan dala 49, mai gudun 3.5GHz, shi ma a buɗe. Duk wanda ya yi wasa da waɗannan ya ga amfani, kuma ya koyi abubuwa.

To amma kasuwa ta canza. Na farko, furosesa na yanzu da kansa yake ƙure wa kansa maleji in ya ga aiki ya yi nauyi kuma jikinsa da sanyi. Intel ya fara wannan da Turbo Boost tun 2008, AMD kuma yana da Precision Boost tun fitowar Ryzen a 2017. Ɗauki Ryzen 5 5600 da ya fito a 2022: gudunsa na ƙasa 3.5GHz ne, amma shi da kansa yana hawa har 4.4GHz ba tare da ka taɓa komai ba. Rarar da ake ci a da, kamfani ya riga ya cinye ta ya sa a cikin farashi. Abin da ya rage wa mai shiga BIOS 'yan kashi ne kaɗan, waɗanda ba za ka ji su ba a CorelDraw ko Word, sai dai a manhajar gwaji.

Na biyu, a ɓangaren Intel ƙofar a rufe take ga mai ƙaramin ƙarfi. Sai furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarsa ake iya canza wa ninki, kuma sai a allo mai cifset Z, wanda shi ne mafi tsada a jerin. A zubi na 12 da na 13 da na 14, mafi ƙanƙantar mai K shi ne Core i5, kuma ba ya zuwa da fanka a kwalinsa, sai ka saya daban. In ka haɗa kuɗin K da na Z da na fanka, maganar araha ta ƙare. A ɓangaren AMD da sauƙi, domin kusan duk Ryzen na tebur a buɗe suke, amma nan ma alluna mafi araha, masu A320 da A520, ba a yi su don wannan aiki ba. Sai ka hau B450 ko B550.

Ɗakin Bature ba shagonka ba ne

Yanzu mu dawo gida. Akwai ƙa'ida ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe: wutar da furosesa ke ci tana tafiya ne da gudunsa, da kuma ƙarfin lantarkin da aka ba shi ninki biyu, wato a buga shi da kansa. Misali, ka ƙara gudu da kashi 20, ka ƙara ƙarfin lantarki da kashi 10. Lissafin shi ne 1.2 sau 1.1 sau 1.1, ya ba ka 1.45. Ka samu ƙarin gudu kashi 20, ka biya da ƙarin wuta kashi 45. Kuma duk wutar da furosesa ya ci, zafi take komawa, babu inda take zuwa.

Mai bidiyon da kake kallo yana zaune ne a ɗaki mai sanyin digiri 21 ko 22. Kai kuma shagonka a Nyanya ko Dei-Dei yake, ƙarƙashin kwano, kuma duk wanda ya yi watan Maris a Abuja ya san rana tana kai digiri 36 zuwa sama. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take hurawa. A ɗauka shi ya samu digiri 78 a gwajinsa. Ƙara masa bambancin digiri 14 da ke tsakanin ɗakinsa da naka, ka tashi da 92. Iyakar da AMD ya yanka wa Ryzen 5 5600 digiri 90 ce, yawancin na Intel kuma 100. Da zarar furosesa ya taɓa iyakar, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Sai ka tarar lambar da ka rubuta a BIOS tana nan, amma da tsakar rana, lokacin da kwastoma suka cika shago, kwamfutar ta fi da nauyi. An je neman ƙiba an samo rama.

Sannan ga ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutar shago bayan hunturu ya ga yadda ƙura ke toshe haƙoran ƙarfen sanyaya kamar an shimfiɗa bargo. Saitin da ya zauna lafiya a watan Agusta lokacin damina, ba lallai ya kai Maris ba.

Maganar wuta

Wani zai ce ai kuɗin wutar ba wani abu ba ne. To mu yi lissafi tsakani da Allah. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin 'yan rukunin Band A, masu alƙawarin wutar awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya a Yulin shekarar ya zauna a naira 209.50. Furosesa mai cin wat 65 in ya ƙara kashi 45, ƙarin wat 30 ke nan a taƙaice. In yana aiki mai nauyi awa 10 a rana, kwana 26 a wata, yunit 7.8 ke nan, wato naira dubu ɗaya da ɗari shida da 'yan kai a wancan farashin. Gaskiya ne, wannan bai kai ya firgita mutum ba, kuma ba zan ƙara masa gishiri ba.

Matsalar tana wajen irin wutar. Yawancinmu ba a Maitama ko Asokoro muke ba. A ɗauke, a kawo, a kawo mai rauni, a tayar da janareta, a koma inbata. A 2024 babban layin wutar ƙasa ya faɗi sau da dama. In damina ta shigo kuma ga tsawa. Kowane sauyi daga wannan wuta zuwa waccan girgiza ce ga akwatin wutar kwamfuta, wanda muke kira fawafak, da kuma 'yan ƙananan na'urorin da ke gefen soket masu tace wa furosesa lantarki. Sararin nan da kamfani ya bari a sama shi ne ke shanye irin wannan girgiza. In ka cinye shi da ƙure maleji, babu sauran abin da zai tare. Kuma mai aiki da batir ko UPS ya san kowane wat minti ne. Mai janareta ma ya san abin da ake ciki tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, har lita ta haura naira dubu a Abuja a Oktoban 2024.

Asarar da ba a gani

In kwamfuta ta mutu gaba ɗaya, ka san ta mutu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wadda take aiki amma tana kuskure jefi-jefi. Furosesan da aka matsa wa zai iya yin awa biyar lafiya, sannan ya yi tuntuɓe sau ɗaya. In tuntuɓen ya faɗo lokacin da ake adana aiki, fayil ya lalace. Yi tunanin ɗalibar Jami'ar Abuja da ta kawo maka furojet ɗinta mai shafi tamanin daga Gwagwalada, gobe za ta miƙa. Ko bidiyon bikin da aka ba ka ka haɗa, ka kwana kana jira, ya kai kashi 90 sikirin ya yi shuɗi. Ko lissafin bashin wani Alhaji da ya amince ya bar maka a kwamfutarka. Wanda ke wasan gem in abu ya tsaya, sake kunnawa zai yi ya yi dariya. Kai kuma amana ce a hannunka, kuma a garin da muke baƙi, sunan kirki shi ne babban jarinmu. Kwastoma ɗaya ya fita da ɓacin rai, layinku duka ya ji.

Kada kuma wani ya ce ai in an iya saiti babu abin da zai faru. A 2024 kamfanin Intel da kansa ya amsa cewa wasu furosesoshinsa na tebur na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda ƙarfin lantarkin da ke shigarsu ya yi yawa. Ya fitar da gyara ta hanyar BIOS, ya ƙara musu garantin shekara biyu, kuma wanda ya riga ya lalace gyaran ba ya dawo da shi. In masu ƙera abin da injiniyoyinsu sun yi tuntuɓe a kan 'yan ɗigon bolt, ina ga ni da kai da muka koya a waya?

Ga kuma garanti. Intel da AMD duka sun rubuta cewa garantinsu ba ya ɗaukar ɓarnar da ƙure maleji ya jawo. Intel ya taɓa sayar da wani inshora na musamman don masu wannan harka, ya daina a 2021. Mu nan ma maganar ba ta kai can ba, domin kayan hannu garantin 'yan kwanaki mai shago ke bayarwa, in sun wuce kai da Allah. Kuma canji ba kamar da ba ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Abin dala 49 a lissafin 1,500 ya zama naira 73,500 tun kafin a sa kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa. Abin da Bature zai ƙona ya ɗaga kafaɗa, kai jarin wata uku ne.

A gidan kasuwa na tashi, kuma abin da ake fara koya wa yaro a rumfa shi ne kuɗin saye daban, kuɗin riƙo daban. Kaya ba su zama masu araha ba sai ka lissafa dako da ajiya da abin da zai lalace a hanya. Furosesa mai araha da ke buƙatar allo mai tsada da fanka mai tsada da fawafak mai tsada kafin ya yi gudun na gaba da shi, gara ka sayi na gaba da shi ɗin ka huta.

To ina kuɗin za su tafi?

Allo shi ne gida, furosesa ɗan haya ne. Ɗan haya yana tashi wani ya shigo, amma gida in an gina shi a karkace sai rushewa. Don haka in ka nufi Banex da ke titin Aminu Kano a Wuse 2, ko ka aika Computer Village ta Ikeja, ko ka yi saƙo titin Beirut a Kano, da allo za ka fara.

Soket ɗin AM4 na AMD ya ɗauki Ryzen tun daga na 2017 har zuwa jerin 5000. Wannan shi ne alherinsa ga talaka. Allo mai B450 ko B550 mai kyau zai ɗauki ƙaramin furosesa yau, in kasuwa ta buɗe ka cire ka sa babba, RAM ɗinka na DDR4 yana nan, fawafak yana nan. Wannan ƙarin gudu ne na gaske, wanda ya fi duk abin da za ka matso a BIOS. Sai dai a kula, B450 da ya daɗe a kwali ba zai tashi da Ryzen 5000 ba sai an sabunta masa BIOS. Kada ka bar shagon sai an haɗa an kunna a gabanka.

A ɓangaren Intel akwai tarko ɗaya da ya kamata kowa ya sani. Soket LGA1151 iri biyu ne masu suna ɗaya. Alluna masu cifset na jerin 100 da 200 na zubi na 6 da na 7 ne, masu jerin 300 kuma na zubi na 8 da na 9. Furosesan zai zauna daram a gurbin, amma ba zai tashi ba. LGA1200 na zubi na 10 da 11 ne. LGA1700 na 12 zuwa 14 ne, kuma allunansa wasu DDR4 suke ci wasu DDR5, ba a haɗa su. Tambayi wanne ne kafin ka sayi RAM.

Duba harafin ƙarshe. Intel mai F ba shi da sashen hoto a cikinsa. Ryzen 5 5600 ma haka, amma 5600G yana da shi. In ka sayi marar hoto don ya fi araha, dole ka sayi katin hoto daban, in ba haka ba sikirin baƙi za ka gani. Ga mai shagon buga takardu da ƙananan zane, mai G ya wadatar.

Duba ƙafafu. Na AM4 a jikin furosesa suke, na Intel a cikin soket ɗin allo suke. Haska fitilar waya ka duba da kyau, ƙafa ɗaya in ta lanƙwashe tana iya kashe ramin RAM guda. Duba ko na'urorin tace wutar da ke gefen soket suna da ƙarfen sanyaya a kansu. A zafinmu wannan ba ado ba ne.

Duba shekaru. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da ƙarin wa'adi na musamman ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuma a hukumance daga Intel zubi na 8 yake farawa, ko Ryzen jerin 2000. Ke nan G3258 ɗin da ake ta yabo, da duk 'yan zubi na 4 da suka cika kasuwar kayan hannu, an wuce su. Wanda zai riƙa shiga banki da shafukan rajista da bayanan mutane, ya yi tunani kafin ya zuba jari a kansu, komai arharsu.

Su kuma kwamfutocin ofis na tokumbo, irin su Dell OptiPlex da HP ProDesk, BIOS ɗinsu ba shi da ƙofar ƙure maleji ko kaɗan, kuma da yawansu allonsu da fawafak ɗinsu na gidansu ne, ba sa shiga da na kasuwa. In wani ya ce maka za a ƙure maka su, ka riƙe kuɗinka. Amma fa a matsayinsu na jakunan aiki ba su da laifi, in zubinsu ya kai na 8.

Bayan allo, sai fawafak na kamfanin da aka sani, ba marar suna mai nauyin biredi ba, domin in ya tashi mutuwa yakan tafi da maƙwabtansa. Sai sitabilaiza da UPS, ko da mai riƙe minti goma ne, ya ishe ka ka adana aiki ka kashe lafiya. Sai SSD a maimakon tsohon faifai mai juyawa. Wallahi duk wanda ya taɓa yin wannan canjin ya san babu ƙure malejin da ya kama ƙafarsa, kwamfutar da ke minti biyu kafin ta tashi sai ta koma daƙiƙa ashirin. Sai RAM guda biyu maimakon ɗaya, wato 8GB biyu sun fi 16GB ɗaya, domin hanya biyu suke buɗewa, kuma mai furosesa G shi ya fi kowa jin bambancin tunda sashen hotonsa daga RAM yake ci.

Abin da na yarda a taɓa a BIOS

Abu biyu ne. Na farko XMP, wanda wasu allunan AMD ke kira DOCP. Sau da yawa mutum zai sayi RAM da aka rubuta wa 3200, amma in ya duba sai ya ga yana tafiya a 2133 ko 2400, saboda ba a kunna wannan saitin ba. Kunna shi karɓar abin da ka riga ka biya ne, kuma Ryzen 3000 da 5000 an yi su ne su ɗauki 3200. Bayan ka kunna ka gwada da MemTest86 ka tabbatar babu kuskure.

Na biyu shi ne akasin abin da samari ke nema, wato rage wa furosesa ƙarfin lantarki kaɗan. A Ryzen 5000 akwai Curve Optimizer don wannan. Tunda zafi yana bin ƙarfin lantarki ninki biyu, ɗan ragi kaɗan yana sauke digiri da dama, kuma furosesan da ya ji sanyi da kansa yake daɗewa a saman gudunsa. A gari irin namu, wannan ya fi dacewa da mu. Shi ma a bi shi a hankali, mataki-mataki, ana gwadawa, domin in ragin ya yi yawa tuntuɓen zai dawo. Sauran aikin na tsintsiya ne: a buɗe akwati a hure ƙura bayan hunturu, a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya in ya bushe, a ɗaga kwamfutar daga ƙasa, kada a manna ta da bango.

Ga mai son koyo

Na san akwai ƙannenmu da abin ke burge su don son sani, kuma ba na son in kashe musu gwiwa. Da irin wannan ƙwaƙule-ƙwaƙulen ake zama gwani, kuma muna buƙatar masu gyaran kwamfuta 'yan gida a Abuja, maimakon kullum mu ne masu kai gyara. In kana cikinsu, nemi tsohon allo da tsohon furosesa na 'yan kuɗi kaɗan, wanda in ya ƙone ba za a yi zaman makoki a gida ba. Sa CPU-Z da HWiNFO ka riƙa kallon gudu da zafi. Ƙara ninki ɗaya-ɗaya, ka gwada da Prime95 ko Cinebench na awanni, kuma da rana tsaka za ka gwada, ba da asuba ba. Rubuta duk abin da ka canza a takarda. Koyi yadda ake cire batirin allo a mayar da BIOS yadda yake. Wannan makaranta ce mai kyau. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada a yi ta a kan kwamfutar da ake ci da ita, ko wadda Baba ya sayar da kaya ya saya maka.

Ku kuma iyaye da yayye, in yaro ya kawo muku lissafin haɗa kwamfuta, ku duba ko ya sa UPS da sitabilaiza a ciki. In bai sa ba, ku mayar masa ya sake lissafi. In kuma ya ce zai sayi ƙarami ya mayar da shi babba a kyauta, ku tambaye shi nawa ne kuɗin allon da fankar da za su ɗauki wannan aikin, ku sa ya kwatanta da kuɗin babban tun asali.

Allah ya sa wa nemanmu albarka, ya tsare mana ɗan abin da muka tara, ya mayar da kowa gida lafiya in lokacin ganin gida ya yi.